Gida, Albashi da Rarar Haraji: Tarihin Abin da Dokar Amurka ke Bar wa Wanda Jarinsa ya Karye

Ƴan uwa membobi, a wannan fitowa ta bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu mun ga ya dace mu waiwayi wani tarihi da ba a cika taɗinsa a rumfa ba, ko da yake kowa na tsoronsa: ranar da jari ya karye, masu bin bashi suka yi layi a ƙofa. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tambayar da ta raba al'ummomi ita ce: in mutum ya kasa biya, me za a karɓe, me kuma za a bar masa?

Mun zaɓi Amurka don dalili biyu. Na farko, ƙasar ta daɗe tana jayayya a kan wannan tambaya a majalisa da kotu. Na biyu, da yawa daga cikinmu na da hulɗa da can. Motocin da ke sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano da Lome, wani ƙane ne ko abokin ciniki ke sayo su a gwanjo da kuɗin da muka tura masa. In ya faɗi a can, dokar can ce za ta yanke makomar kuɗinmu.

Lokacin da kurkuku ne amsar

Amurka ta gaji tsarinta daga Ingila. Dokar farko ta Ingila a kan karyewar jari ta fito a 1542, zamanin Sarki Henry na Takwas, kuma ba don taimakon wanda ake bi aka yi ta ba. An yi ta ne don a kama dukiyarsa a raba wa masu binsa. Sai a 1705 aka fara yarda cewa ɗan kasuwan da ya fito da duk abin da ya mallaka ana iya yafe masa sauran bashin. Wannan dokar kuma ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya ɓoye dukiya. Tun daga nan aka raba mutum biyu: wanda kasuwa ta kayar, da wanda ya cinye kayan mutane ya share baki.

Wanda ba ɗan kasuwa ba ne, babu wannan ƙofa gare shi. Kurkukun masu bashi ne makomarsa, inda yakan zauna har wani ya biya masa. Ingila ba ta rufe wannan babi ba sai a 1869.

A Amurka, labarin Robert Morris ne ya girgiza manya. Morris attajiri ne na birnin Filadelfiya, yana cikin waɗanda suka sa hannu a takardar ayyana ƴancin ƙasar a 1776, kuma shi ya riƙe baitulmalin ƙasar daga 1781 zuwa 1784, lokacin da ake fafutukar biyan sojojin yaƙin ƴanci. Bayan yaƙi ya zuba kuɗi, nasa da na aro, a sayen miliyoyin eka na fili, yana jiran farashi ya tashi. Farashi bai tashi ba. A watan Fabrairun 1798 aka kai shi kurkukun masu bashi na titin Prune, bashin da ke kansa ya kai kusan dala miliyan 3. Katafaren gidan da ya fara ginawa bai ƙarasu ba, aka rushe shi aka sayar da duwatsun. Ya yi shekara uku da rabi a tsare.

Abin da ya fito da shi a 1801 ita ce dokar karyewar jari ta farko da majalisar tarayya ta yi a 1800. Dokar ta ƴan kasuwa ce kawai, masu bin bashi ne ke buɗe shari'ar ba wanda ake bi ba, kuma ba a yafe sauran bashi sai kashi biyu cikin uku na masu bin sun yarda. Ba ta daɗe ba, a 1803 aka soke ta.

Haka aka yi ta yi kusan shekara ɗari. Kasuwa ta faɗi, a yi doka. Kasuwa ta farfaɗo, a soke. Bayan rugujewar bankuna ta 1837 aka yi dokar 1841, wadda ta fara ba mutum damar kai kansa kotu ya ce ya kasa, ko ɗan kasuwa ne ko ba shi ba. Aka soke ta a 1843. Bayan yaƙin basasa aka yi ta 1867, aka soke a 1878. Sai ta 1898 ce ta zauna, ta yi shekara 80, kafin dokar 1978 da ake aiki da ita har yau ta maye gurbinta. A tsakanin nan jihohi suka riƙa daina ɗaure mutum don bashi kawai: Kentaki a 1821, Niyok a 1831.

Da aka daina kama jikin mutum, sai rigima ta koma kan abu uku: gidansa, abin da zai samu gobe, da kuɗinsa da ke hannun gwamnati.

Gida

Ranar 26 ga Janairun 1839, Teksas, wadda a lokacin ƙasa ce mai cin gashin kanta, ta yi dokar da ta hana mai bin bashi taɓa matsugunin iyali. Ta kare fili eka 50, kimanin hekta 20, ko fuloti ɗaya a gari, da kayan ɗaki, da kayan aikin gona ko na sana'a, da shanun tatsa biyar, da shanun huɗa biyu ko doki ɗaya, da abincin shekara. Ku duba wannan jeri da kyau. Ba tausayi kaɗai ba ne. Teksas na neman mutanen da za su zo su zauna, kuma da yawan masu zuwan bashi ne ya koro su daga Amurka bayan 1837. Hikimar ita ce, wanda aka bar wa rufin kwana da kayan sana'a zai sake tashi. Wanda aka kwashe masa komai ya zama nauyin gari.

Sauran jihohi suka kwaikwaya, kowace da ma'auninta, kuma dokar 1898 ta bar wa kowace jiha ta faɗi abin da ake bar wa mutum. Shi ya sa har yau babu daidaito. A Teksas ana kare gida har eka 10 a cikin gari ko eka 200 a karkara ga mai iyali, ko nawa ne kuɗinsa. A Fulorida rabin eka ne a gari, eka 160 a waje, nan ma ba a sa iyakar kuɗi ba. A wasu jihohin kuwa abin da ake karewa bai wuce ƴan dubban daloli ba.

Inda akwai ƙofa, akwai masu wayo. Attajiran da suka hango faɗuwa sun riƙa sayar da kadarorinsu su ƙaura Fulorida, su zuba kuɗin a katafaren gida, sannan su je kotu su ce ba su da komai. Gyaran dokar da aka yi a 2005 ya rage wannan: sai mutum ya zauna a jiha kwana 730 kafin ya ci moriyar dokarta, kuma in bai kai kwana 1,215 da sayen gidan ba, abin da za a kare masa ba zai wuce wata iyaka ba, wadda a 2005 dala 125,000 ce, kuma ake ɗaga ta duk shekara uku.

Amma ga inda ya fi shafar ɗan kasuwa. Duk wannan kariya ba ta aiki a kan gidan da mai shi ya jinginar da hannunsa. Doka na kare gida daga wanda ya ba ka kaya bisa amana, ba ta kare shi daga bankin da ka miƙa wa takardar gidan. Wasu ma'aurata masu suna Nobelman sun ga haka a birnin Dalas na Teksas ɗin kanta. A 1984 suka ci bashin dala 68,250 suka sayi gida. Kafin 1990 farashin gidaje ya faɗi, gidan ya koma dala 23,500, bashin kuma ya haura dala 71,000. Suka roƙi kotu ta rage bashin ya daidaita da kuɗin gidan. A 1993 Kotun Ƙoli ta ce a'a: bashin jinginar gidan da mutum ke ciki ba a rage shi. Abin da doka ta yarda kawai shi ne a dakatar da gwanjo, a ba shi lokaci ya cike watannin da ya tsallake, yana kuma ci gaba da biyan na kowane wata.

Wannan hukunci ya yi nauyi bayan rikicin gidaje na 2008, lokacin da miliyoyin iyalai suka wayi gari bashin gidansu ya fi gidan. An kai ƙudurin da zai ba alƙalai ikon rage irin wannan bashi, ya wuce a majalisar wakilai, amma majalisar dattawa ta kayar da shi a watan Afrilun 2009 da ƙuri'a 51 a kan 45.

Abin da za a samu gobe

A 1930 wani ma'aikaci mai suna Hunt ya ranci dala 300 daga wani kamfanin ba da lamuni a Chikago, ya sa hannu cewa in ya kasa biya a riƙa cire wani kaso daga albashinsa na gaba. Shekara ta gaba ya je kotu, aka yafe masa basussukansa. Kamfanin bai haƙura ba, ya kai ƙarar wurin aikin Hunt yana neman albashin. A 1934 Kotun Ƙoli ta hana. Hujjarta ita ce, manufar dokar ita ce a ba mai gaskiyar da ƙaddara ta faɗa wa damar sake farawa, kuma in aka bar tsohon bashi ya bi gumin da mutum bai ma yi ba tukuna, to yafewar ta zama ta baki kawai.

Daga nan aka ja layi wanda shi ne ƙashin bayan dokar har yau. Ranar da mutum ya shigar da takarda kotu, ita ce iyaka. Abin da ya mallaka kafin ranar, ban da wanda doka ta kare, na masu bin bashi ne. Wakilin kotu zai sayar ya raba. Abin da ya samu da guminsa bayan ranar, nasa ne. Wannan shi ne ake kira Babi na 7.

A daidai wannan lokaci wata hanya ta ɓullo a birnin Bamingam na jihar Alabama, garin ma'aikatan ƙarfe. A 1933 aka naɗa wani lauya, Valentine Nesbit, ya kula da shari'un ma'aikatan da bashi ya danne. Ya lura cewa yawancinsu na son biya, lokaci ne ba su da shi. Sai ya riƙa karɓar wani kaso na albashinsu duk wata yana raba wa masu binsu, su kuma su riƙe kayansu. Majalisa ta mai da wannan doka a 1938, shi ne Babi na 13 na yau: ka riƙe gidanka da motarka, ka yi shekara uku zuwa biyar kana biya daga abin da kake samu, abin da ya rage a yafe. Duk dattijon kasuwa da ya taɓa zaunar da mutum biyu ya ce a biya kaɗan kaɗan duk ranar kasuwa zai gane wannan tsari.

Shekara da shekaru mutum ne ke zaɓar babin da zai bi. Kamfanonin katin bashi suka yi ta ƙorafi cewa masu hali na bin Babi na 7 su tsere. A watan Afrilun 2005 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a gyaran da suka daɗe suna nema. Yanzu ana auna abin da mutum ya samu a wata shida kafin zuwansa kotu, a kwatanta da matsakaicin samun iyali irin nasa a jiharsa. In ya haura, kuma lissafi ya nuna yana da rara bayan ɗawainiya, a tura shi Babi na 13. An kuma ƙara tazarar da ke tsakanin yafewa da yafewa daga shekara shida zuwa takwas. Kafin dokar ta fara aiki ranar 17 ga Oktoba, mutane suka yi cincirindo a kotuna, shari'un shekarar suka haura miliyan 2. A 2006 suka sauko kusan 600,000. Kafin 2010 sun sake hawa kusan miliyan ɗaya da rabi, domin tsaurara doka ba ta hana rashin lafiya, korar aiki ko faɗuwar kasuwa.

Rarar haraji

Na uku shi ne ya fi ba mutane mamaki. Tun 1943 ake cire harajin ma'aikaci a Amurka daga albashinsa kafin ya shiga hannunsa. Sau da yawa abin da aka cire ya fi abin da ya hau kansa, sai gwamnati ta mayar masa da rarar a farkon shekara ta gaba. Ga iyalai da yawa wannan ne kuɗi mafi kauri da ke shigo musu a dunƙule, tamkar kwasar adashi. To in mutum ya faɗi kafin kuɗin su iso, na wa ne?

Ƴan kasuwa ne suka fara kai wannan tambaya Kotun Ƙoli. Gerald da Sam Segal na da kamfanin kayan auduga a Teksas, suka karye a watan Satumban 1961. Dokar haraji ta yarda wanda ya yi asara ya nemi a mayar masa da wani abu daga harajin da ya biya a shekarun riba, don haka suka nemi na 1959 da 1960. Suka ce kuɗin nasu ne tunda sai bayan faɗuwarsu aka biya. A 1966 kotu ta ce ba haka ba ne: asarar da ta haifar da kuɗin ita ce ta cinye kayan masu bin bashi, saiwar kuɗin na cikin jiya, don haka nasu ne.

Sai kuma wani ma'aikaci a jihar Konetikat, Henry Kokoszka, wanda ya je kotu a farkon Janairun 1972, daga baya aka mayar masa da dala 250 da santi 90 na harajin 1971. Ya ce ai albashinsa ne aka riƙe, kuma dokar 1968 ta hana a cire wa ma'aikaci fiye da kashi 25 cikin 100 na albashi don bashi. A 1974 alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗaya suka ce kuɗin sun daina zama albashin mako, sun zama ajiya, kuma ajiyar da aka tara kafin ranar iyaka ta masu bin bashi ce. Shari'ar dala 250 ta zama ma'auni ga miliyoyin mutane. Yau wanda ya je kotu a tsakiyar shekara, ana raba rarar harajinsa gwargwadon watannin da suka shige, sai fa in dokar jiharsa ta kare wani ɓangare, kamar yadda wasu jihohin ke kare tallafin masu ƙaramin albashi da aka ƙirƙiro a 1975. In kuma gwamnati na binsa tsohon haraji, tana iya cire nata daga ciki kafin kowa.

Inda ya taɓa mu

Tambayoyin nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun tattauna hukuncin muflisi tun ƙarnoni kafin a kafa Amurka, har sun saɓa a kan gida: Malikiyya da Shafi'iyya na ganin ana sayar da shi a biya mutane, Hanafiyya da Hambaliyya na ganin a bar masa matsugunin da ba zai iya rayuwa ba sai da shi.

A hukumance kuwa, membobinmu na ƙarƙashin dokoki mabambanta. Nijar, Benin, Togo, Kamaru da Chadi na cikin ƙasashe 17 na yarjejeniyar OHADA da aka ƙulla a 1993. Dokarsu ta bai ɗaya a kan ɗan kasuwan da ya kasa biya an amince da ita a Libarbil a 1998, aka sabunta ta a 2015. Ta buɗe ƙofar sulhu da masu bin bashi tun kafin a kai ga faɗuwa, kuma ta wajabta wa wanda biya ya gagare shi ya sanar da kotu cikin kwana 30. Najeriya da Ghana ba sa ciki, kowace da tata dokar. Wanda ke ciniki a ƙasa biyu ya san cewa bashi ɗaya na iya samun hukunci biyu.

Ga masu tura kuɗi Amurka, akwai abu uku da wannan tarihi ya tabbatar. Da zarar abokin cinikinka ya shigar da takarda kotu, doka ta hana kowa tambayarsa bashi, ko ta waya ce. Hanyarka ita ce ka shigar da shaidar abin da kake bi, kuma in babu jingina, kana bayan layi, bayan banki, bayan kuɗin ciyar da ƴaƴa da harajin gwamnati. In ya yi maka kara ya biya ka a gaggauce kafin ya je kotu, wakilin kotu na da ikon neman a dawo da kuɗin da aka biya cikin kwana 90 na ƙarshe, ko cikin shekara guda in kai ɗan uwansa ne. Sannan in motar da aka saya da kuɗinka da sunansa take, kuma babu takardar da ta nuna taka ce, za a iya lissafa ta cikin dukiyarsa. Sai dai bashin da aka ci ta hanyar yaudara ba ya cikin waɗanda ake yafewa, matuƙar mai bin ya tashi ya tabbatar da yaudarar a kotu cikin wa'adin da aka ba shi.

Saboda haka kwamitin sulhu na ƙungiya na sake tunatar da membobi abin da dattawanmu suka daɗe suna faɗa: a rubuta kowane kuɗi da aka tura da abin da aka tura shi don shi, a raba takardar gidan iyali da jarin kasuwa, kuma wanda ya ga lissafi ya fara ƙin fita ya zo a zauna da masu binsa tun yana da abin rabawa. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a nemanmu, ya maimaita mana wannan biki cikin lafiya.